Ledar da Ban Tsaga Ba

Abu na farko da Baba ya koya min a aikin dashen itatuwa shi ne tsaga leda. Ba haƙa rami ba, ba jan igiya ba, tsaga leda. Ɗan itace yana zuwa daga wurin reno ne a cikin baƙar leda cike da ƙasa. Kafin ka sa shi a rami sai ka tsaga ledar tun daga baki har gindi, ka zare ta a hankali kada ƙasar ta warwatse. In ka binne shi da ledarsa, to ka kashe shi, sai dai ba ranar zai mutu ba. Zai yi kore shar muddin ana ruwa, har sabon ganye zai fitar ya yaudare ka. Saiwar ce ba ta da hanyar fita, sai ta yi ta zagaye cikin ledar tana naɗe kanta. Rani na shigowa zai bushe a tsaye.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa na gina duk tsiyar da na shuka.

Aikinmu na damina ne. Kamfanin yana da fili makeke a kan tsaunuka, inda yake dasa itatuwan katako. Ruwan farko na sauka za a ɗebi mutane, ruwa na ɗaukewa a sallame mu, kowa ya koma ga abin da ya sani. Ni ɗinki nake komawa. Baba kuwa babu abin da yake komawa gare shi, jiran damina kawai yake yi. Damina ashirin da tara ya yi a tsaunukan nan. Akwai dajin da in ka shiga yau ba ka ganin rana, Baba zai nuna maka ya ce nan dutse ne tsirara lokacin da ya zo. Ma'aikata na kiransa Baba Mai Leda, saboda wata waya da yake ɗaurawa a ƙugu. Duk ledar da ya zare sai ya soka ta a wayar, ba ya yarwa. Da yamma za ka gan shi yana saukowa da tulin leda tana reto a gefensa, ana ta yi masa tsiya, ana tambayarsa ko kasuwa zai kai. Shi dai murmushi ne nasa. Amma in aka ɗauki sabon mutum, wurinsa ake tura shi ya koyi hannu.

Yana da wata 'yar wuƙa da yake tsaga ledar da ita. Ƙotarta an naɗe ta da robar taya, bakinta ya sha washi har ya zama siriri kamar ganyen ciyawa. Ni ce autarsa, damina bakwai na yi a gefensa, amma ban taɓa riƙe wuƙar nan ba. Da reza nake nawa.

Shugaban ma'aikata kuwa, Mai Usur muke ce masa a bayan idonsa. Ba ya kiran mutum da baki, sai ya hura usur ya nuna ka da yatsa kamar kare. Gajere ne, da tumbi, da takalman roba da ba su taɓa shiga taɓo ba. Ban taɓa ganin ya sa itace ɗaya a rami ba tunda nake.

Abin ya faru ne a daminar da ruwa ya yi mana tsaiko na mako biyu. An kawo mota guda ta dashe, kusan dubu biyu, aka ajiye bayan sito aka rufe da tamfol. Kwana uku babu wanda ya ba su ruwa, don Mai Usur ya kwashe tankar kamfani zuwa wurin ginin gidansa ana buga masa bulo. Kowa ya sani, direban tankar ma da bakinsa ya faɗa mana. Ranar da aka yaye tamfol ɗin, Baba ya tura yatsa cikin leda ɗaya, ya zaro, ya farfasa ƙasar ya dubi saiwar. Ya je har gaban Mai Usur ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan sun dahu. Ganyen ne kawai bai sani ba tukuna. Kada a wahalar da mutane."

"Kai ne shugaba ko ni?" in ji shi. "A dasa."

Aka dasa su a gangaren da ke kallon titi, kuma Baba aka ba wa jagorancin layin. Mako uku ba a cika ba suka bushe ƙayau, gangaren duk ya koma kamar an kafa tsintsiya.

Sai ga masu kamfani a farar mota. Mai Usur ya hura usur ya tara mu, mu wajen saba'in, a gindin gangaren.  Ya ce ya daɗe yana rufa wa tsohon nan asiri saboda tausayi. Wai idonsa ya tafi, hannunsa na rawa, yana binne wuyan itace, yana karya saiwa. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kawo ɗan itace ɗaya, ya ce Baba ya durƙusa ya dasa a gaban manya su gani da idonsu. Mutumin da ya dasa dajin da suke sara suna cin arziki! Baba ya durƙusa. Hannunsa kuwa ya yi rawa ranar, yo wa za a tsayar a gaban mutum saba'in a kira shi makaho hannunsa bai yi rawa ba? Yana gamawa Mai Usur ya sa takalmi ya shure ɗan itacen ya fita daga ramin. Ya ce, "Kun gani ko? Je ka gida ka yi wasa da jikoki, tsoho."

Mutum saba'in, babu wanda ya ce uffan. Kowa na tsoron kada baɗi a tsallake shi wurin ɗauka. Ina zagin su a raina har yau, amma gaskiya ɗaya ce, ni ma ina cikin saba'in ɗin. Ina tsaye da baro a hannuna, bakin nan nawa da ake cewa ya fi reza kaifi ya mutu murus. Wannan ne abin da ya fi ci min rai.

Muka koma gida ni da Baba. Ya kwance wayar ya rataye a ƙusa. Washegari da safe ina shirin fita, ya miƙo min wuƙar. Ya ce, "Riƙe, Auta. Ni na gama." Shekara bakwai ina kwaɗayin wuƙar nan, ga ta ta zo hannuna a ranar da ba na so.

Shekara guda Baba ya yi a zaune. Yana da benci a ƙofar ɗakinsa, nan yake wuni yana kallon bango. Abinci sai an yi da gaske yake cin loma uku. 'Yan itatuwan da yake reno a bayan gida cikin tsofaffin ledojinsa, yana raba wa maƙwabta kyauta, ya bar su suka bushe. Kan layi ma ya daina fita, don wani shaƙiyyi mai shago ya taɓa ce masa cikin raha, "Baba, an ce yanzu itace na ganinka sai ya mutu." Kashin kajin da aka shafa masa ya bi shi har unguwa. Sunan da ya yi shekara ashirin da tara yana ginawa, mutum ɗaya ya rushe shi da takalmin roba.

Na ci alwashi. Ban faɗa wa kowa ba, amma duk ɗinkin da na yi a ranin nan, Mai Usur nake sokawa da allura.

Da damina ta dawo na je layin ɗaukar ma'aikata, na rusuna har ƙasa na gaishe shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lafiya? Ya iyali?" Har da murmushi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga babu faɗa a fuskata, ya ce, "'Yar tsoho, ashe kina da hankali." Na ce ai na gaba ya yi gaba. Ya ɗauke ni.

Ba a yi mako ba na ji labarin da nake jira daga bakin direban tanka. Masu kamfani ba su gama yarda da Mai Usur ba. Sun ce a dasa layi shida daga bakin titi zuwa ƙofar ofis, itace ɗari shida, inda duk baƙon da ya zo zai fara gani. In suka tsallake rani da rai, za a ba shi kujerar manaja, da ofis da fanka. In suka mutu kamar na bara, ya tattara nasa ya nasa. Wato wuyansa na rataye a kan ɗari shidan nan.

Kuma wa zai ba wa dashen? Ya san sarai hannun da ke raya itace a wurin nan. Ya hura usur ya nuna ni. Ya ce, "Hannun ubanki gare ki, ga kuma ido. Maza su haƙa miki ramuka, ke kaɗai za ki sa itace. Ban yarda kowa ya taɓa ba."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe." A raina na ce, kai da kanka ka kawo wuyanka.

Ga yadda na yi. Maza biyu na gaba suna bin igiya suna haƙa, sun ba ni baya. Ni ina durƙushe. In na ɗauko ɗan itace sai in sa wuƙar Baba in zagaye bakin ledar, in yanke kamar faɗin yatsa biyu, yadda ko an tona sama-sama ba za a ga baƙi ba. Sauran ledar kuwa tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. In zura a rami, in mayar da ƙasa, in danna da tafin hannu, in yi masa ɗan kwano na tare ruwa, kyakkyawa kamar a hoto. Mai duba aiki ya zo ya zaga, ya ja ganye biyu uku, ya ce bai taɓa ganin layi mai tsafta irin wannan ba.

Kwana shida na yi. Kada ku ɗauka hannuna ya yi nauyi ko zuciyata ta karaya. Daɗi na ji. Kowane itace na sa a rami sai na tuna takalmin nan yana shure na Baba, sai in danna ƙasar da ƙarfi. Har waƙa na riƙa yi.

Mutum ɗaya ce ta gane, Uwar Biyu, wadda ke turo min dashen a baro. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, kuma Baba ne ya koya mata aiki shekaru goma da suka wuce. A rana ta huɗu ta sauke baro, ta tsaya tana kallon tarin abin da na yanke. Ta ɗauki ɗaya ta saƙala a yatsa, zobe ne kawai na leda.

Ta ce, "Auta, ina sauran?"

Na ce, "Sauran me?"

"Kada ki raina min hankali. Ina gindin ledar?"

Na miƙe na kaɗe gwiwata. Na ce, "Yaya, ranar da aka durƙusar da Baba kina ina?"

Ta yar da zoben ledar a ƙasa.

"To yadda kika yi shiru ranar, yau ma ki yi."

Ta ce, "Ba zan kai ki ƙara ba, Allah ya kiyaye. Amma itacen nan bai yi miki komai ba. Kuma in za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Na ce ramukan nan duk tsawonsu ɗaya, da sanda aka auna. Ta ja tsaki ta ɗauki baronta. Daga ranar ba ta ƙara zama cin abinci kusa da ni ba, ni kuwa ko a jikina.

Damina ta yi kyau a shekarar. Layukan nan shida suka yi kore shar, suka fitar da sabon ganye. Mai Usur kullum sai ya bi ta tsakiyarsu da hannu a baya yana shafa tumbi. Har ya fara sa riga mai dogon hannu irin ta manajoji. In ya wuce ni ya ce, "'Yar tsoho, aikinki na kyau," sai in ce, "Albarkacinka ne, ranka ya daɗe." Ina lissafi a raina, wata biyu bayan ɗaukewar ruwa za su fara sunkuyar da kai, wata uku a zo a tarar da tsintsiya. Kuma babu wanda zai zargi dashe bayan duk wannan koren, sai dai a ce shugaba bai iya riƙon rani ba. Na riga na zaɓi inda zan tsaya ranar da za a kore shi. Ramuwar gayya ai ta fi ta gayya zafi.

Aka sallame mu ranar wata Asabar. Ranar Litinin da hantsi ina kan keken ɗinki sai na ji sallama a ƙofar gida, muryar da ko a mafarki na san ta. Na ɗaga labule. Mai Usur ne, tsaye a tsakar gidanmu, usur ɗinsa na reto a wuya.

Ya zauna a gefen bencin Baba ba tare da an ce ya zauna ba. Bai ba da haƙuri ba, kada ma ku zata. Cewa ya yi, "Tsoho, abin da ya wuce ya wuce." Wai ana neman mutum ɗaya da zai riƙe layukan ƙofar ofis har ruwa ya dawo, ban ruwa da kula da komai. Wai masu kamfani sun ce a samo wanda ya san itace, shi kuma ya ce musu babu kamar Baba Mai Leda, a ba shi dama ya wanke kansa. Ya riga ya ba da sunansa.

Na gane wasan nan take. Munafuki! Ya san duk yankin babu mai iya tsallakar da ɗari shida rani in ba Baba ba. In sun rayu, kujera tasa. In sun mutu, ga tsohon da kowa ya riga ya sani da kashe itace, a sake shafa masa. Ta ko'ina shi ya ci. Abin da bai sani ba shi ne, ni na riga na yanke wa itatuwan hukunci.

 Na ce a raina, Baba ka ƙi, don Allah ka tofa masa yawu ka kore shi.

Baba ya ce, "Yaushe zan fara?"

Mutumin na fita Baba ya miƙe. Ya nemi ruwan wanka. Ya sa aka kira mai aski. Da rana ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari, yayata da ta zo gaishe shi ta koma gefe tana share hawaye don murna. Ya sauko da wayarsa daga ƙusa yana goge tsatsar da tsumma. Shekara guda ban ji ya yi dariya ba sai ranar.

Na same shi bayan gida, na durƙusa. Na ce, "Baba, kada ka je."

"Saboda me?"

"Tarko ne. Mutumin nan ba ya nufinka da alheri. In wani abu ya samu itatuwan nan kai za a ce."

"Na sani," in ji shi. "Ba yaro ba ne ni. Amma me zai same su? Ke kika dasa su. Itacen da hannunki ya dasa, ni kuma na ba shi ruwa, sai dai in gobara ce. Wannan karon da idonsu za su gani."

"Baba, rani ne, ga ɗaukar ruwa, ga tsufa..."

Ya daina goge wayar. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Ke ma, Auta? Ke ma kin yarda na gama?"

Da ma mari ya kwaɗa min da ya fi min sauƙi. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, wallahi na buɗe, maganar ta ƙi fita. Karo na biyu ke nan bakina ya ci amanata a gaban mutumin nan.

Washegari da sassafe ya ɗaura wayarsa a ƙugu ya fita. Na bi shi a baya, na ce zan taya shi ɗaukar bokiti. Muka isa, rana ta fara haska layukan, ganye na ta sheƙi. Baba ya tsaya a bakin titi yana kallo, fuskarsa fal da fara'a. Ya ce, "Kai, masha Allah. Layi ya miƙe." Mai Usur na tsaye can a ƙofar ofis da kofin shayi, bai fi taku talatin ba.

Baba ya ɗebi ruwa ya zuba wa na farko. Ya tsaya yana kallon yadda ruwan ke shiga. Ya matsa ya zuba wa na biyu, ya sake tsayawa. Na ga fara'ar ta fara raguwa. Ya durƙusa, ya kama ɗan itacen a gindi da yatsa biyu ya girgiza shi kaɗan. Itacen da ya yi wata huɗu a ƙasa ya kamata ya riƙe ƙasa gam. Wannan kuwa sai ya motsa gaba ɗaya, shi da dunƙulen da ke ƙarƙashinsa. Baba ya tura yatsa a gefe, ya nutsa shi har ƙarshe. Na ga lokacin da yatsan ya taɓa leda, don kafaɗarsa ta tsaya cak.

Bai juyo ba. Ya tashi ya tsallaka layi na uku, ya gwada ɗaya. Ya je layi na shida, can ƙarshe, ya gwada wani. Makahon da aka ce ba ya gani, cikin minti biyar ya gano abin da mai duba aiki ya yi wata huɗu yana takawa. Ya dawo inda nake tsaye da bokiti.

Ya ce a hankali, "Guda nawa?"

Na ce, "Duka."

Mai Usur ya taho yana kurɓar shayi. "Yaya, tsoho? Ka ga aiki ko? 'Yarka ta fi ka."

Na rufe ido. Kalma ɗaya ta isa. Baba na iya cewa a tona a gani, ya wanke kansa tun kafin a shafa masa, ni kuma a yi waje da ni, wataƙila har da 'yan sanda.

Baba ya ce, "Sun yi kyau. Sai dai ƙasar ta kame musu a gindi, in ba a sassauta ba ruwan rani ba zai ratsa ba. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina son mutum ɗaya ya taya ni."

"Ga 'yarka nan," in ji Mai Usur. "Amma ba ni da abin biyanta, damina ta wuce."

"Ba sai ka biya ta ba."

Mai Usur ya tafi yana jin ya ci riba. Muka rage mu biyu. Na fara magana da sauri, ina kuka ina haɗa kalmomi. Na ce saboda kai na yi, Baba. Na ce ya durƙusar da kai, ya shure maka itace, shekara guda ba ka ci abinci ba, so nake a kore shi kamar kare yadda ya kore ka. Na ce ban san zai zo wurinka ba.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Mutumin nan ya ce hannuna na kashe itace. Ya yi min ciwo, amma ni na san ƙarya yake yi, da wannan nake samu in yi barci. Ke kuwa hannuna ne. Ni na koya miki." Ya miƙo tafin hannunsa. "Ba ni wuƙata."

Na ciro ta daga ɗaurin zanina na sa masa a hannu.

Kwana goma sha tara muka yi a durƙushe. Ni ke tona gefen kowane itace da hannu da guntun ƙarfe, a hankali kada in taɓa saiwa. Shi ke zura wuƙa ya tsaga ledar, ya zare ta, ya warware saiwar da ta fara naɗewa da yatsunsa, ya mayar da ƙasa, in zuba ruwa. Kowace leda sai ya kaɗe ta ya soka a wayarsa, da yamma ya rufe da buhu mu wuce ta gaban ofis. Gwiwoyinsa suka kumbura har sai na kama shi yake miƙewa. A rana ta biyar sai ga Uwar Biyu da nata guntun ƙarfen, ba wanda ya kira ta. Ba ta ce min ci kanki ba, ta durƙusa a layi na gaba ta fara tono. Duk kwanakin nan Baba bai ƙara tayar da maganar ba, kuma bai ce min komai ba banda "tona nan" da "kawo ruwa".

Talatin da ɗaya suka mutu. Sauran suka tsallake rani.

Kun san wanda aka ba wa kujera. Yana nan a ofis, fanka na kaɗa masa, an ce har usur ɗin ya ba wa wani. Wato ni, da hannuna da gwiwoyina da kwana goma sha tara na ubana, na ɗora maƙiyina a kan kujera. In akwai abin da ya fi wannan ciwo, ban san shi ba. Ban yafe masa ba, kada wani ya zo min da wa'azi. Laifinsa na farko yana nan, na haɗa masa da wannan, kuma duk ranar da na wuce ƙofar ofishin nan sai na yi masa Allah ya isa a fili, ya ji ko kada ya ji.

Sunan Baba kam ya dawo. Direban tanka ya baza labari cewa tsoho ya bi itace ɗari shida ɗaya bayan ɗaya da yatsa ya raya su. Mai shagon nan da ya yi masa shaƙiyanci da kansa ya zo neman dashe biyu na ƙofar gidansa. Aka koma tura masa sababbin ma'aikata. Ya ƙara damina biyu, sannan ya ajiye don kansa, a kan ƙafafunsa, ranar da ya ga dama.

Ranar da ya ajiye, ma'aikata sun taru a gindin gangare suna yi masa sallama. Ina tsaye kusa da shi. Ya ciro wuƙar, ya goge ta a hannun rigarsa. Na gyara tsayuwa, har na fara miƙa hannu. Ya wuce ni ya ba wa Uwar Biyu.

Ni wayar ya ba ni, da muka koma gida. Tsohuwar wayar nan ta wancan ranin, wadda ya ajiye daban, da leda ɗari shida a soke, kowacce ba ta da baki. Ya rataye min ita a ƙusar bayan ƙofar ɗakina, inda nake rataye mayafi.

Har yanzu ina fita dashe duk damina. Reza nake saya a shago, guda biyu ke kai ni mako.